Lissafin Mai Shayi a Daren Ƙarshen Shekara

Yau na buɗe littafin rubutun da na saya bara
a shagon Tuncay, can bayan tashar Kadıköy.
A shafin farko na ga hannuna, cike da cika baki:
"Littafi arba'in zan karanta bana."
Na ƙirga, sha ɗaya da rabi.
Rabin ma shayi ya zube masa a gefe.

Ni ne Behçet, mai shayin jirgin ruwa.
Sau goma sha huɗu a yini nake ƙetare mashigin nan,
in zuba a Asiya, a sha a Turai kafin ya huce.
Shekara talatin ina kai da kawo tsakanin nahiya biyu
ban je ko'ina ba.

Sai bana.

Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe saman jirgi,
fasinjoji suka dunƙule ciki kamar kajin da ruwa ya daka,
na fara da tarihin garin da aka haife ni,
ina bin layi da yatsa, leɓena na motsi.
Yaron da ke taya ni wanke kofuna yana dariya a ɓoye.
Na ƙyale shi. Mai jin ƙishi ba ya kunyar guga.

Da sanyi ya ja baya likita ya ce ido ne, ba kai ba.
Na sa tabarau, haruffa suka daina rawa.
Ashe tun ƙuruciya nake zagin ƙwaƙwalwata
a kan laifin da ba nata ba.

Lissafi kuwa ya kai ni ƙasa.
A Afrilu na zauna jarrabawar makarantar manya,
ni da nake ba mutum ɗari canji da ka, babu kuskure,
aka ce in nemo lambar da harafi ya ɓoye.
Maki talatin da ɗaya.
Kwana tara ban taɓa takarda ba.
'Yata Nuray ba ta yi mini wa'azi ba,
fensir ta feƙe, ta ajiye kusa da farantina.
A Yuli na koma. Hamsin da takwas.
Ba abin guɗa ba ne,
amma ranar tsuntsayen teku suka cinye burodina duka.

Akwai wata tsohuwa, Malama Sevinç,
jirgin takwas da kwata, kujerar jikin taga,
shayi babu sukari.
Ita ta hango littafi a aljihun rigar aikina
ta ce, "In ka gama akwai wani."
Shida cikin sha ɗayan nan nata ne.
Ba ta taɓa tambayata me na gane ba,
sai dai, "Wa ya ba ka haushi a ciki?"
Tun Oktoba wasu ke zama a kujerar.
Ban san unguwarsu ba, ban san wa zan tambaya ba.
Rabin nan ma nata ne.
Na tsaya a shafi na ɗari da tara
don kada in gama, in rasa wanda zan mayar wa.

Abin da na ƙaru da shi bai cika kofi ba.
Na iya cewa "ban sani ba" ba tare da ɗaga murya ba.
Na rage musu da matata a kan labaran rediyo.
Kowane dare kuma ina rubuta layi uku:
hazon teku, jirgin dakon mai,
yarinyar da iska ta ƙwace wa balan-balan.
Rubutun kamar sawun kaza, amma nawa ne.

Na sayi sabon littafin rubutu ɗazu,
ban sa lamba a shafin farko ba.
Yaron nan mai dariya ya ce in ara masa tarihin garin,
yana faɗa yana kallon ƙasa.

Ƙarfe shida injin zai tashi.
Zan ɗora ruwa, in goge kujerar jikin taga,
kafin a cika
in buɗe shafi na ɗari da goma.